An kama ɗana da waya a ɗakin jarrabawa, korarsa za a yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa a Katako a nan Jos, ban yi boko mai nisa ba. Ɗana na biyu yana aji uku a jami'a. A jarrabawar da suka gama, mai tsaro ya same shi da waya a aljihun rigar sanyinsa. An karɓe wayar, an sa shi ya cika wata takarda ya sa hannu, yanzu kuma an aiko ya bayyana gaban kwamiti. Ya rantse mini wayar a kashe take, mantawa ya yi, kuma ya ce rabin ajin ma satar amsa suke yi ba a kama su ba. Wani ya ce in kawo kuɗi, ya san wanda zai kashe maganar. Malam, korarsa za a yi? Adalci ne a kori yaro bayan shekara uku a kan waya? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sassauta, ya kawo mafita. Tambaya uku ka ƙulle wuri ɗaya: me kwamiti zai yi wa yaron, abin da zai yi ɗin adalci ne ko a'a, sannan kai uba ina za ka sa ƙafa. Na haura shekara goma ina koyarwa a wata babbar makaranta a nan Jos, na riƙe aikin jami'in jarrabawa na sashenmu, na kuma zauna a irin kwamitin da aka kira ɗanka. Don haka daga ɗaya gefen teburin zan yi maka magana, gefen da iyaye ba sa gani. Sai dai ka riƙe abu biyu. Ni ba lauya ba ne, kuma fayil ɗin ɗanka bai zo hannuna ba. Bakinsa kaɗai muka ji, shi ma ta bakinka.

Daga ɗakin jarrabawa zuwa wasiƙar rijistara

Makarantu sun bambanta a ƙananan abubuwa, amma hanyar kusan ɗaya ce. Mai tsaro in ya ga abu zai karɓe, ya kira babban mai tsaron ɗakin ya shaida. Nan take a fito da fom. Ɗalibi ya rubuta bayaninsa da hannunsa, mai tsaro ya rubuta nasa, wani lokaci a sa na dama da na hagu su sa hannu a matsayin shaidu. Galibi ana barin yaron ya ƙarasa rubutu, sau da yawa a sabuwar takardar amsa, domin har lokacin zargi ne kawai. Daga nan a zuba fom da wayar da takardun amsa a ambulan, a miƙa wa shugaban sashe, ya wuce wurin shugaban tsangaya, ya isa kwamiti. Aikin kwamiti bincike ne da ba da shawara. Majalisar malamai ta jami'a, wadda muke kira Sanet, ita ke amincewa da hukunci, rijistara kuma ya rubuto wasiƙa. Kafin a kai nan, sakamakon wannan kwas ɗin a riƙe yake.

Takardar nan da ka ce ya cika, a kanta shari'ar gaba ɗaya take tsaye. Yaro ne ya rubuta ta cikin minti biyu, hannu na rawa, ido ɗari a kansa, da Turancin da tsoro ya tarwatsa. Da yawa abin da suke rubutawa shi ne a yi haƙuri, ba za su sake ba. A ransu ladabi suka yi, a idon kwamiti kuwa sun amsa laifi. Saboda haka kafin komai ka zaunar da shi ka tambaye shi me ya rubuta, kalma da kalma iya abin da zai tuna. In a fom ya ce mantawa ya yi, a gaban kwamiti ma ya ce haka, maganarsa ta zama ɗaya. In kuwa a fom ya ce abokinsa ne ya ba shi ajiya, ranar zama ya ce mantuwa ce, to shi ya haƙa ramin da kansa, domin babu abin da ke zubar da ɗalibi a idon 'yan kwamiti kamar labari biyu. Abu ɗaya da ya yi daidai shi ne sa hannun. A yawancin ƙa'idojin da na gani, ƙin cika fom laifi ne mai zaman kansa, haka gudu daga ɗakin, haka lalata shaida. Na taɓa ganin wanda ya tauna takarda ya haɗiye a gabana. Da ya bar ta, ƙila dakatarwa zai sha. Haɗiyar ce ta kore shi.

Me ya sa "a kashe take" ba ta cika ceto ba

A nan iyaye suka fi shan mamaki. Kai a kasuwa, in an ce mutum ya yi sata sai ka tambaya me ya ɗauka. Kwamitin jarrabawa ba daga nan yake farawa ba. Tambayarsa ta farko ita ce: an same ta a jikinka bayan an raba takardar tambayoyi? In amsar e ce, laifi ya tabbata, domin abin da ƙa'ida ta hana shi ne shiga da ita. An rubuta ƙa'idar haka da gangan. Mai tsaro biyu ko uku a kan ɗalibi ɗari uku ba za su iya tabbatar da wanda ya leƙa waya da wanda bai leƙa ba, kuma duk wanda aka kama cewa yake mantawa ya yi. Da za a ce sai an tabbatar da niyya, da ba a taɓa hukunta kowa ba.

Akwai kuma wani tarko da ɗalibai ba sa lura da shi. Ƙa'idoji da yawa sun raba tsakanin abin da ya shafi kwas ɗin da ake rubutawa da wanda bai shafa ba, na farkon hukuncinsa ya fi tsanani. To yau wace wayar ɗalibi ce babu darasin kwas a ciki? Wakilin aji a WhatsApp yake tura komai: hoton allo, takardun malami, tsofaffin tambayoyi. Ko yaronka waliyyi ne, in aka buɗe wayarsa za a tarar da kayan kwas ɗin. Shi ya sa wasu makarantun suka daina wahalar da kansu da rabewa, suka ce waya kawai, ko a kunne ko a kashe, ga hukuncinta.

Duk da haka ban ce mantuwa ƙarya ce kullum ba. Wanda ya san sanyin Jos a Disamba da Janairu ya san yadda yara ke shigowa jarrabawar ƙarfe takwas, riga a kan riga, aljihu ko'ina. Na kuma san dalilin da ba sa faɗa a fom: ana tara jakunkuna a bakin ƙofa ba mai gadi, kuma ana ɗauke wayoyi a wurin. Yaro ya gwammace ya kashe ta ya cusa a aljihu da ya fito ya tarar babu. Na sha faɗa a taron sashe cewa makarantar da ta hana shiga da waya amma ba ta tanadi wurin ajiya ba, ita ma da hannunta a ciki. Wannan ba ya wanke ɗalibi, amma yana cikin abin da ɗan kwamiti mai adalci zai saurara idan aka zo auna nauyin hukunci.

Hukuncin kuwa hawa-hawa ne. Magana da na kusa ko miƙa wuya a leƙa takardar wani, galibi gargaɗi ne a rubuce ko soke sakamakon kwas. Shiga da abin da aka hana yana kaiwa ga dakatarwa na zango ɗaya ko biyu, a wasu makarantun kuma kora kai tsaye. Sojan gona, wato wani ya zauna wa wani, da shigo da takardar amsa da aka rubuta a waje, da samun tambayoyi kafin lokaci, da taɓa lafiyar mai tsaro, waɗannan kusan ko'ina kora ce. Waya tana tsakiya, kuma a nan ne makarantu suka fi saɓawa. Amsar tambayarka ta farko tana cikin ɗan littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka ba shi a aji ɗaya, wanda na tabbata bai buɗe ba tun ranar. A nemo shi yau, a duba me aka rubuta a gaban kalmar waya. In an ce kora, ka shirya zuciyarka, domin kwamiti ba kasafai yake sauka daga abin da ke rubuce ba. In an ce dakatarwa, ko an ba da zaɓi tsakanin biyu, akwai wurin magana.

Abin da dokar ƙasa da kotu suka ce

Matsalar ta girme mu duka. Tun 1914 aka rubuta labarin fitar tambayoyin jarrabawar Kambirij a Najeriya. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi dokar da ta sa ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa. A 1999 aka yi wata dokar musamman, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 3 ga baligin da ya yi satar jarrabawa, shekara 4 kuma ga malami ko mai tsaro, ba zaɓin tara. Na kawo wannan ne don ka ga tsananin hukunci a takarda bai kashe abin ba. Shekara 21 ba ta hana ba. A aikace jami'o'i ba sa kai ɗalibi kotu a kan waya ko 'yar takardar satar amsa, a cikin gida suke gamawa. Sojan gona ne wani lokaci ake miƙa wa 'yan sanda, musamman in wanda ya zo zaman ba ɗalibin makarantar ba ne.

Hukuncin kotu biyu ya kamata ka sani. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma, saboda ba a ba su damar kare kansu yadda ya dace ba. Tun daga nan jami'o'i suke taka-tsantsan: a gayyaci ɗalibi a rubuce, a gaya masa abin da ake zarginsa da shi, a saurare shi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ma ya ba kowa wannan haƙƙi. Gayyatar da aka aiko wa ɗanka haƙƙinsa ce ake ba shi, kada ya ɗauke ta sammaci ya ɓuya. Na biyun a 2006 ne, inda wani ɗalibi da Jami'ar Ilorin ta kora kan jarrabawa ya garzaya kotu tun matakan cikin gida ba su ƙare ba, Kotun Ƙoli kuma ta yi watsi da ƙararsa. Don haka ko da abin zai kai ga lauya, sai an bi tsani daga ƙasa.

"Rabin ajin ma suna yi"

Wannan maganar ta ɗanka kada ya kuskura ya furta ta a gaban kwamiti, domin abin da za su ji shi ne: ni ma ina yi. Amma tsakanina da kai, ba zan ce ƙarya ya yi ba. Rabi ko ba rabi ba, abin ya yi yawa, kuma waɗanda ke zuwa gabanmu 'yan kaɗan ne daga ciki.

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin yaran da na yi wa tambayoyi ba a jami'a suka koya ba. Sun zo da shi ne daga sakandare, daga santocin da ake biyan kuɗi na musamman a rubuta wa yara amsa a allo ranar WAEC ko NECO. Kuma wa ke biyan kuɗin? Iyaye. Ban san yadda ɗanka ya sami tasa takardar ba, ban kuma zarge ka ba, amma tambaya ce da ta cancanci ka yi wa kanka a ɓoye. Yaron da aka saya wa kiredit a Turanci da lissafi yana zuwa aji ɗaya ya tarar da malami na zuba Turanci awa biyu, shi kuma kashi ɗaya cikin uku yake kamawa. Ba daƙiƙi ba ne. An ɗora shi ne a matakalar da bai taka na ƙasanta ba. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, hakan ya toshe wasu ƙofofi, amma bai koya wa kowa karanta sakin layi ya fahimta ba.

Sai wanda ya nemi likitanci aka ba shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, yana zaune ne kawai don kada a ce yana gida. Sai tsoron faɗuwa, domin kwas ɗaya da aka maimaita yana iya jawo ƙarin shekara, ƙarin shekara kuma kuɗin makaranta ne da na haya da na abinci, ga kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara a 2023. Yaro yana tuna fuskar ubansa lokacin da yake ƙirgo kuɗin, sai ya zaɓi hanyar da za ta fi ɓata wa uban rai. Sai yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo, makarantu da yawa suka matse zango, karatun wata huɗu aka ɗura shi cikin makonni. Mu a Jos muna da ƙari, domin in gari ya rikice aka sa dokar hana fita, karatu tsayawa yake, amma ranar jarrabawa ba ta cika matsawa daidai da abin da aka rasa ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da ke maimaita tambayoyi iri ɗaya shekara biyar, wanda kuma yake son a zubo masa abin da ya bayar harafi da harafi, shi ya mai da 'yar takarda abu mai amfani. Tambayar da ke cewa kawo ma'anar kaza, lissafo abu biyar, ita ake iya rubutawa a tafin hannu. Na gwada a ajina: na ba da matsala daga abin da suka sani, misali lissafin ribar manomin dankali daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada, na ce a yi amfani da abin da aka koya a warware. A irin wannan ko ka buɗe littafi ba za ka tarar da amsa ba. Amma gaskiya gyaran irin wannan takarda yana cin lokaci ninki uku, kuma wanda ke da takarda ɗari shida da mako biyu ba zai yi ba. Ni ma ba kowane zango nake iyawa ba.

Inda ba a kama kowa

Tambayarka ta adalci, ga ra'ayina. Hukunta mai satar amsa adalci ne ga yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya, kuma adalci ne ga majinyacin da zai faɗa hannun ma'aikacin jinya da bai san aikinsa ba. Kai mai hatsi ka fi ni sanin hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Takardar digirin da babu ilimi a ƙarƙashinta buhu ne da aka yi wa kyakkyawan baki.

Inda nake da ja shi ne yadda muka zuba ƙarfinmu duka a ƙofar ɗakin jarrabawa. Jarrabawar ƙarshe kashi 60 ko 70 ce ta maki. Sauran 30 ko 40 na gwaji ne da aikin gida, inda mutum ɗaya ke yi ashirin su kwafa, ba fom ba kwamiti. Kundin binciken aji na ƙarshe kuwa, wanda nauyinsa ya fi na kwas guda, kowa ya san akwai shagunan buga takardu da ke sayar da shi, a canza suna da shekara kawai. An kawo manhajojin gano rubutun da aka kwafa irin su Turnitin, suna taimakawa, amma abin da ke cikin rumbunsu da intanet kaɗai suke gani. Kundin da aka rubuta shekara goma sha biyar da suka wuce, yana kan kanta ƙura ta rufe shi, manhaja ba ta san da shi ba. Tun da ChatGPT, mai rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a ƙarshen 2022 kuma, ko shago ba a buƙata. Manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura ba abin da zan kori ɗalibi a kansu ba ne, kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya janye tasa a 2023 saboda yawan kuskure. Ni abin da ya fi yi mini aiki tsohon yayi ne: in zaunar da ɗalibi minti biyar, in buɗe shafi na ashirin, in ce gaya mini da Hausa ko da Turanci me kake nufi a nan. In ce kawo mini littafi biyu daga waɗanda ka ce ka karanta. Sau da yawa littafin ma babu shi a duniya.

Sama da duk wannan akwai wanda ba ya shiga da komai domin ya riga ya sayi makin, da kuɗi ko da abin da ya fi kuɗi muni. A 2018 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta kai wani farfesa kotu kan neman ɗaliba da maki, aka ɗaure shi. Irin wannan hukunci bai kai yawan laifin ba. Don haka in ka ce mini ana kama ƙananan kifi manya na wucewa, ba zan musa ba. Haka nan jinkiri. Na ga shari'ar da ta kwana fiye da shekara, yaro ya biya rajistar aji huɗu, ya fara kundinsa, sannan wasiƙar kora ta iso a kan laifin aji biyu. Wannan zalunci ne ko da hukuncin daidai yake. Sai dai duk wannan hujja ce ta a gyara makaranta. Ba ta fitar da wayar daga aljihun ɗanka.

Mai cewa a kawo kuɗi

Kada ka ba shi ko sisi. Ka duba hannuwan da fayil ya bi: masu tsaro, shugaban sashe, shugaban tsangaya, sakataren kwamiti, kuma kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Mutum ɗaya ba ya iya kashe shi. Abin da masu wannan sana'a ke yi shi ne su karɓi kuɗi su zauna. In hukunci ya zo da sauƙi su ce aikinsu ne, in ya zo da tsanani su ce wani babba ne ya hana. Wanda ya fi su dabara yana iya danne fayil a durowa, kai ka ɗauka an gama. Amma sakamakon kwas ɗin yana nan a riƙe, kuma ranar da aka zo tantance masu fita, dole a tambayi dalilin giɓin. A lokacin an ƙara shekara biyu da kuɗinsu, an kuma ƙara laifin cin hanci a kan na waya. Garin neman gira a rasa ido.

Ko zuwa roƙo gidan ɗan kwamiti ban ba ka shawara ba. Wata shekara kawun wani yaro ya zo gidana da magariba da buhun dankali a bayan mota, da ambulan a aljihu. Mutumin kirki ne, hankalinsa ne ya tashi. Na mayar masa da kayansa, washegari kuma dole na gaya wa shugaban kwamiti, na fita daga zaman wannan shari'ar. Abin da kawun bai sani ba, na riga na karanta fayil ɗin, kuma ni ne na yi niyyar cewa a sassauta, domin rahoton mai tsaro da na babban mai tsaro sun saɓa a kan lokacin da aka karɓi abin. Ya cire wa ɗansa murya ɗaya da ke gefensa da hannunsa.

Abin da zan yi in ni ne kai

Ka kira shi ku biyu, ba a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa ba, ka ce masa rantsuwa ta isa, gaskiya kake so, kuma duk abin da ya faɗa ba za ka kore shi daga gida ba. Yara da yawa sun fi tsoron uba a kan Sanet, shi ya sa suke riƙe ƙarya har ta kai su ƙasa. In ya duba wayar, gara ka sani yanzu.

In da gaske a kashe take, ya faɗa a fili, ya roƙi kwamiti a duba rahoton mai tsaro a ga ko ya rubuta a kashe ya same ta, a aljihu ko a hannu, kuma a wane lokaci. Ya roƙi a gwada abin da ya rubuta a takardar amsa da abin da ke cikin wayar. In akwai na kusa da shi da ya ga yadda aka yi kuma ya yarda ya yi magana, ya ba da sunansa. Ya amsa cewa shiga da ita kuskure ne kuma ya karya ƙa'ida, kada ya tsaya gardamar abin da kowa ya gani. Kada ya zagi mai tsaro ko ya ce ƙiyayya ce, sai in yana da hujja a hannu. In kuma ya duba ɗin, ya faɗa ya nemi sassauci. Ban yi maka alkawarin gaskiya za ta hana hukunci ba. Abin da na gani shi ne, inda ƙa'ida ta ba kwamiti zaɓi, wanda ya amsa tun farko kuma ba a taɓa kama shi ba ya fi samun na ƙasan. Ya je wurin malamin da ke kula da ajinsu ya nemi shawara, wannan aikinsa ne kuma ba a ɓoye ake yi ba. Ya ci gaba da shiga aji har sai wasiƙa ta ce ya daina.

Idan wasiƙa ta fito, ku karanta ta da kyau. Dakatarwa tana da ranar dawowa, kuma na ga waɗanda suka dawo suka gama lafiya, wasu ma da sakamakon da ya fi na da. In haka ta faru, ka sa shi a rumfa ya riƙe maka littafin ciniki, kada ya yi watannin a bakin titi. In kora ce, a jami'o'in tarayya akwai damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa ta jami'a, a rubuce, cikin wa'adin da aka ƙayyade. Roƙon tausayi kaɗai ba ya cika juya hukunci a can. Abin da ke juya shi sabuwar hujja ce, ko nuna cewa ba a bi ƙa'ida ba: ba a gayyace shi ba, ba a saurare shi ba, ko an ba shi hukuncin da ya wuce abin da littafin ya tanada. A wannan matakin ne kuɗin da ka so ba wancan mutumin zai yi amfani a hannun lauya. In duk ta ƙi, shekarunsa ba su wuce sake JAMB ba, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da ke da cibiya a nan Jos. Kada dai ciwon abin ya kai ku ga masu sayar da digirin Kwatano, domin a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a can cikin mako shida.

Ranar zaman, kai ka tsaya a waje, galibi ba a barin iyaye su shiga. Shi ya isa da wuri, da katin shaidarsa da takardar gayyata da kwafin duk abin da zai miƙa. In ya ari wata wayar a wannan tsakanin, ya bar ta a hannunka kafin ya shiga.